Matsin Wariyar Launin Fata, Zumunci da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Baƙaƙen Fata a Amurka da Birtaniya

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi alaƙar da ke tsakanin abubuwa uku: matsin ran da wariyar launin fata ke haifarwa, zumuncin da baƙaƙen fata suka gina a tsakaninsu, da lafiyar ƙwaƙwalwarsu a Amurka da Birtaniya. An bi hanyar bitar sakamakon binciken da masana suka riga suka wallafa. Matsayin maƙalar shi ne zumunci yana rage raɗaɗin wariya, amma masu riƙe da shi suna biyan kuɗinsa da lafiyarsu, kuma shi kansa yana cikin abubuwan da wariyar ke rusawa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2007 David Williams da abokan aikinsa suka fitar da wani ɓangare na sakamakon babban binciken da Jami'ar Michigan ta gudanar a faɗin Amurka tsakanin 2001 da 2003 a ƙarƙashin jagorancin James Jackson. Sun gano cewa kashi 17.9 cikin ɗari na fararen fata sun taɓa kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani, alhali a cikin baƙaƙen Amurka kashi 10.4 ne, a cikin baƙaƙe 'yan asalin tsibiran Karebiya kuwa kashi 12.9. Wannan ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa, domin mutanen da suka fi talauci, suka fi gajeren rai, suka fi shan wulaƙanci, su ne alƙaluman suka nuna ciwon bai fi kama su ba. Sai dai binciken bai tsaya nan ba. Cikin waɗanda ciwon ya kama, ya zame wa kashi 56 na baƙaƙe ciwo mai naci, a kan kashi 38.6 na farare, kuma waɗanda suka sami wani magani cikin baƙaƙen Amurka ba su kai rabi ba, 'yan Karebiya ma ba su kai rubu'i ba.

Masana da dama sun yi saurin bayyana wannan ɗaurin gwarmai da kalma guda, wato zumunci: dangi, coci, masallaci, maƙwabta. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan bayani da hujjojin da ake da su, a ga inda ya tsaya da ƙafarsa da inda ya gaza. Da "matsin rai" ana nufin halin da jiki da zuciya ke shiga idan abin da ya tunkari mutum ya fi ƙarfin abin da zai tare shi da shi, bisa ra'in Lazarus da Folkman (1984). Da "zumunci" kuma ana nufin duk wata igiyar taimakon juna, ta jini ce ko ta unguwa ko ta addini.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Tarihin wannan fanni ya fara ne da zalunci a cikin rigar ilimi. Ƙidayar Amurka ta 1840 ta nuna wai hauka ya fi yawa a cikin baƙaƙe 'yantattu na jihohin Arewa fiye da bayin Kudu. Likita Edward Jarvis ya bi alƙaluman ya tarar da kurakurai masu muni, har da garuruwan da aka rubuta musu mahaukata baƙaƙe alhali ƙidayar da kanta ta nuna babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Duk da haka 'yan siyasa irin su John C. Calhoun suka ci gaba da kafa hujja da ita don kare bauta. A 1851 kuma Samuel Cartwright ya ƙirƙiro wata cuta ta ƙwaƙwalwa wadda ya ce ita ke sa bawa gudu daga ubangidansa.

Martanin farko ya fito ne daga masana baƙaƙe. Du Bois (1903) ya yi bayanin wahalar mutumin da dole kullum ya riƙa kallon kansa da idon masu raina shi. Frantz Fanon (1952), likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Matinik wanda daga baya ya yi aiki a asibitin Blida a Aljeriya, ya dage cewa ba a fahimtar ciwon majinyacin da aka mulka sai an saka tsarin mulkin mallaka cikin bayanin ciwon. A 1970 Chester Pierce na Jami'ar Harvard ya jawo hankali ga ƙananan cin fuska na yau da gobe, waɗanda ɗaya bai isa a kai ƙara a kansa ba, amma taruwarsu ke gajiyar da mutum.

Daga shekarun 1990 aka koma aunawa. Williams da abokansa (1997) suka samar da ma'aunin wariya ta kullum daga binciken da aka yi a Detroit, inda ake tambayar mutum sau nawa ake yi masa ƙarancin ladabi, ko a ɗauke shi marar wayo, ko a nuna ana tsoronsa. Clark da abokansa (1999) suka tsara yadda wariya ke zama matsi mai taɓa jiki da tunani. Shelly Harrell (2000) ta kasa matsin gida shida: babban abin da ya faru da mutum kansa, abin da ya gani ko ya ji an yi wa wani, ƙananan cin fuska, ƙuncin muhalli mai ɗorewa, raunin da ya shafi jama'a baki ɗaya, da wanda ake gada daga iyaye da kakanni. Abin lura a rabon nata, huɗu daga cikin shidan ba su buƙatar a taɓa mutum kai tsaye.

A ɓangaren zumunci, ra'in da aka fi dogara da shi na Cohen da Wills (1985) ne. Sun bambanta amfanin zumunci na kowane lokaci da amfaninsa na garkuwa, wanda ke bayyana sai matsi ya zo.

3.0 Hanyar Nazari

An dogara da bayanai iri uku: manyan binciken jin ta bakin jama'a, binciken ƙididdigar sababbin masu kamuwa da ciwo a asibitoci, da nazarin zama cikin al'umma irin na masana halayyar zamantakewa. An zaɓi Amurka da Birtaniya ne saboda tarihinsu ya bambanta. Mafi yawan baƙaƙen Amurka jikokin bayi ne, na Birtaniya kuwa galibi sun zo ne daga Karebiya tun daga 1948 da kuma daga Afirka a baya-bayan nan. Idan abu ɗaya ya bayyana a wurare biyun, zai yi wuya a jingina shi ga tarihin ƙasa guda. An fi ba da nauyi ga binciken da tsarinsa ya ba da damar rarrabe dalili da sakamako, domin mafi yawan ayyukan fannin sun tambayi mutum game da wariya da lafiyarsa a zama ɗaya, kuma mai ƙuncin rai yana iya tuna wulaƙanci fiye da wanda ransa ke fari.

4.0 Nazari

4.1 Hanyar da Matsin ke Bi ya Shiga Jiki

Paradies da abokansa (2015) sun haɗa sakamakon bincike 293 da aka wallafa tsakanin 1983 da 2013, suka tarar alaƙar wariya da taɓarɓarewar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ninka alaƙarta da lafiyar jiki fiye da sau biyu. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Idan mutum ya ji barazana, jikinsa yana sakin sinadaran kotisol da adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. An gina wannan tsari don haɗari mai wucewa. Wanda yake shirya abin da zai faɗa kafin ɗan sanda ya iso gilashin motarsa, yake auna muryarsa a wurin aiki, yake lura da mai gadin kanti da ke bin sa, tsarin nasa ba ya samun hutu. McEwen da Stellar (1993) sun kira illar da ke taruwa daga haka nauyin daidaitawa.

Arline Geronimus ta gabatar da ra'in zaizayar jiki a 1992 bayan ta lura cewa jariran mata baƙaƙe sun fi tsira idan uwar tana ƙuruciya fiye da idan ta kusa shekara talatin, akasin abin da ake gani a wurin farare. A 2006 ita da abokanta suka nuna cewa nauyin daidaitawa ya fi yawa a jikin baƙaƙe a duk matakan shekaru da suka duba, mata suka fi kowa, kuma bambancin bai gushe ba ko a cikin waɗanda ba matalauta ba.

4.2 Hujjar Cewa Zumunci Yana Kāriya

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga Birtaniya. Binciken da Fearon da abokansa (2006) suka yi a kudu maso gabashin Landan da Nottingham da Bristol ya nuna cewa ciwon ƙwaƙwalwa na sikizofireniya yana kama baƙaƙe 'yan asalin Karebiya ninki tara na fararen Birtaniya, 'yan asalin Afirka kuma kusan ninki shida. Da a jini abin yake, da an ga irin wannan adadi a ƙasashensu na asali. Binciken da aka yi a Jamaika da Tirinidad da Babados a shekarun 1990 bai nuna haka ba. Adadin can ya yi kusa da na fararen Birtaniya. Ke nan wani abu ne a zaman Birtaniya.

Boydell da abokanta (2001) sun matsa gaba. Sun duba mazaɓu goma sha biyar a kudancin Landan, suka tarar cewa a inda waɗanda ba farare ba suka fi yawa, haɗarin kamuwarsu ya ninka na farare sau 2.4, a inda suka fi ƙaranci kuwa sau 4.4. Muhimmancin wannan sakamako yana cikin saɓawarsa da lissafin tattalin arziki. Unguwannin da baƙaƙe suka taru su ne galibi suka fi cunkoso da rashin aikin yi, wanda ya kamata a ce ya ƙara ciwo. Wanda ya sami wadata ya ƙaura zuwa unguwa mai kyau inda shi kaɗai ne baƙi a layinsu, ya sami gida mai faɗi, amma ya rasa wani abu da ke tsare hankalinsa. An sami makamancin wannan a birnin Hague na Holan a 2008 tsakanin baƙin haure, kuma tun 1939 Faris da Dunham sun ga alamarsa a Chicago. Bécares da Nazroo da Stafford (2009) sun ba da bayani biyu: a inda naka suka yi yawa cin fuskar yana raguwa, kuma wanda ya faru ba ya yin illa kamar yadda zai yi wa wanda ke shi kaɗai. Bayani na biyun ya fi jan hankali. Mutumin da aka wulaƙanta ya dawo ya tarar da wanda zai ce masa ba kai ka ƙirƙira ba, mu ma an yi mana, ya tsira daga zargin kansa da kuma shakkar hankalinsa.

A Amurka an gina wannan kāriya da gangan. A 1787 Richard Allen da Absalom Jones suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta baƙaƙe 'yantattu a Philadelphia, inda ake tara kuɗi duk wata don marasa lafiya da zawarawa da marayu, kuma daga wannan yunƙuri aka sami cocin baƙaƙe na AME a 1816. Tarbiyyar gida ma tana cikin lissafi. Bitar Hughes da abokanta (2006) ta nuna cewa koya wa yaro tarihin mutanensa da alfahari da su yana tafiya da kyakkyawan sakamako, alhali cusa masa rashin yarda da kowa ba ya haifar da haka.

4.3 Inda Bayanin ya Gaza

Idan zumunci ne sirrin alƙaluman 2007, ya kamata bambancin baƙi da fari ya ragu idan aka cire tasirinsa a lissafi. Dawne Mouzon ta gwada haka da bayanan binciken Michigan ɗin, da farko a kan dangi (2013), sannan abokai da 'yan uwan ɗauka (2014), sannan addini (2017). A duka ukun bambancin bai gushe ba. Wannan bai nuna zumunci ba shi da amfani ba. Ya nuna bai isa ya zama amsar tambayar ba.

Jackson da Knight da Rafferty (2010) sun kawo wani bayani mai ɗaci. A ganinsu mutanen da ke cikin matsi suna kwantar da hankalinsu da abin da unguwarsu ta tanadar, wato taba da giya da abinci mai maiƙo da zaƙi, sai ƙwaƙwalwa ta sami sauƙi jiki ya biya. Akwai masu jayayya da wannan ra'i, amma ya dace da abin da Sherman James ya gano a jihar Karolina ta Arewa a farkon shekarun 1980: baƙaƙe masu ƙaramin ƙarfi da suka ɗauki jajircewa da aiki tuƙuru a matsayin maganin kowace matsala sun fi fama da hawan jini. Ƙarancin ciwon damuwa a takarda yana iya zama ciwo ne da ya sauya masauki.

Shi kansa zumuncin yana da nauyi. Carol Stack (1974) ta zauna cikin wata unguwar baƙaƙe matalauta a tsakiyar Amurka, ta bayyana yadda ake musayar abinci da tufafi da renon yara tsakanin gidaje, har babu mai kwana da yunwa. Ta kuma ba da labarin ma'auratan da suka ci gadon kuɗi suna shirin sayen gida, kafin wata biyu kuɗin ya ƙare a buƙatun dangi. Tsarin da ke hana kowa nutsewa shi ne ke hana kowa fita. Kuma wannan kaya ba a raba shi daidai. Cheryl Woods-Giscombé (2010) ta tattauna da mata baƙaƙe, ta tarar da ɗabi'u da suka yi tarayya a kai: dole a nuna ƙarfi, dole a danne abin da ke zuciya, a guji neman taimako, a ci nasara ko da babu kayan aiki, a sa buƙatar wasu gaba da ta kai. Matan sun san amfanin haka ga iyalansu, sun kuma danganta shi da rashin barci da cin abinci don huce haushi da jinkirta zuwa asibiti. Duk lokacin da aka yabi juriyar al'umma, ya dace a tambaya wace ce ke dafa abincin makoki, wace ce ke zaman jinya, wa ke tambayar lafiyarta ita.

4.4 Zumunci a Matsayin Hanyar Raɗaɗi

Igiyar da ke kawo taimako tana kawo zafi. Bor da Venkataramani da Williams da Tsai (2018) sun haɗa bayanan lafiyar jama'a na 2013 zuwa 2015 da ranakun da 'yan sanda suka kashe baƙar fata marar makami. Sun kwatanta mutanen jiha ɗaya da aka tambaya kafin kisan da waɗanda aka tambaya bayansa, tsarin da ya kauce wa matsalar da aka ambata a sashe na 3.0. Kowane kisa ya ƙara wa baƙaƙen jihar kwana 0.14 na rashin lafiyar ƙwaƙwalwa a wata. Adadin kamar ƙarami, amma sun ƙiyasta ya kai kwana miliyan 55 a shekara a faɗin ƙasar. Ba a ga wannan tasiri a cikin farare ba, ba a kuma gan shi ba idan wanda aka kashe yana riƙe da makami. Kusan duk waɗanda abin ya taɓa ba su san mamacin ba. Abin da ya haɗa su da shi shi ne sanin cewa da su ne ko 'ya'yansu, haka za a yi. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, alƙaluman Hukumar Ƙidayar Amurka sun nuna alamun fargaba da damuwa a cikin baƙaƙe sun tashi daga kashi 36 zuwa 41 cikin mako guda.

Sellers da Shelton (2003) sun nuna wannan fuska biyu a cikin ɗaliban jami'a. Waɗanda suka ɗauki baƙar fatarsu ginshiƙin ko su wane ne sun fi lura da wariya. Amma waɗanda dama suka san ba a yi wa baƙaƙe kallon kirki, wariyar ba ta girgiza su kamar waɗanda ta zo wa ba zato.

4.5 Rusa Zumuncin Kansa

Yawancin ayyukan fannin suna ɗaukar wariya da zumunci kamar abubuwa biyu masu zaman kansu, ɗaya na kai hari ɗaya na karewa. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Mindy Fullilove (2004), likitar ƙwaƙwalwa, ta ƙiyasta cewa shirin sabunta birane da ya biyo bayan dokar gidaje ta 1949 ya rushe unguwannin baƙaƙe kimanin 1,600. A unguwar Hill ta Pittsburgh kaɗai an tashi mutum kusan 8,000 don gina filin wasa. An biya wasu diyyar gini, amma babu wanda ya biya diyyar maƙwabciyar da ke duba yara ko mai shagon da ke ba da bashi. Gidajen yari sun ci gaba daga inda motocin rusau suka tsaya: baƙaƙe kusan kashi 13 ne na al'ummar Amurka, amma kimanin sulusi ne na fursunoni, kuma kowane ɗaurarre giɓi ne a gida da unguwa. Kisan mutum tara a cocin baƙaƙe na Emanuel da ke Charleston ranar 17 ga Yuni 2015 ya nuna har wurin da ake gudu a fake bai tsira ba.

5.0 Abin da Wannan ke Nufi ga Aikin Lafiya

Dogaron baƙaƙe ga dangi da malaman addini yana da nasaba da abin da suka gani a asibiti. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar Amurka ta bar maza baƙaƙe 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani don ta ga ƙarshen ciwon. Jonathan Metzl ya bi fayilolin asibitin Ionia na jihar Michigan ya nuna yadda a shekarun 1960 da 1970 aka riƙa fassara fushin maza baƙaƙe da sikizofireniya. A Ingila, alƙaluman hukuma na shekarun nan sun nuna ana tsare baƙaƙe a asibitin ƙwaƙwalwa bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ninki uku zuwa huɗu na farare. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta nemi gafara kan hannunta a wariya ba sai Janairun 2021.

Akwai misalin yadda ake haɗa amanar al'umma da ƙwarewa. A Los Angeles, Victor da abokansa (2018) sun yi gwaji a shagunan aski 52. A wasu shagunan masu aski sun ba da shawara kawai, hawan jinin abokan cinikinsu ya sauka da maki 9. A sauran an kawo masana harhaɗa magunguna suna duba mutane a cikin shagon suna rubuta magani, ya sauka da maki 27. Gwajin na hawan jini ne, amma darasinsa ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa: amana ce ta kawo mutane, ƙwararre mai albashi da magani ne ya ninka sakamakon sau uku. Thomas Adeoye Lambo ya yi irin wannan tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da ɗan uwansu suna zuwa asibiti da rana. Shirin da zai horar da fasto ko limami ko mai aski ya gane alamun ciwo, sannan ya bar shi babu likitan da zai tura mutum wurinsa, ƙarin kaya ne kawai a kan masu kaya.

Batun ya shafi 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a New York da Landan, ciki har da Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana. Binciken Michigan ya nuna cewa a cikin 'yan asalin Karebiya, jikokin da aka haifa a Amurka sun fi waɗanda suka yi ƙaurar da kansu kamuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa. Wanda ya zo da girmansa ya tashi a inda launin fatarsa ba abin magana ba ne, yana da masallacinsa da ƙungiyar 'yan garinsu. Ɗansa ya tashi cikin wariyar tun daga makarantar firamare, harshen iyayensa kuma yana kuɓuce masa. Ya kamata binciken da za a yi nan gaba ya ware baƙaƙe bisa asalinsu da tsawon zamansu, ya bi iyalai ɗaya na shekaru, ya kuma auna lafiyar masu ba da taimakon tare da ta masu karɓa.